Ƙurajen Gaba Ga Mai Juna Biyu: Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibi

A cikin wasiƙun da suka iso teburina makon jiya akwai guda ɗaya da ta hana ni sakat. Ta fito ne daga hannun wata baiwar Allah da ke zaune a Sabo ta Ibadan, wadda ta roƙe ni don girman Allah kada in buga sunanta, na kuwa karɓi roƙonta.

Abin da ta faɗa a taƙaice shi ne, tana ɗauke da cikin fari wata shida, kuma tun kafin ta sami cikin akwai waɗansu ƙuraje masu ɗurar ruwa da su kan fito mata a gaba, su fashe, su yi kwanaki suna raɗaɗi, su warke, bayan 'yan watanni kuma su dawo wurin da suka saba fitowa. Ta sha kafso na kemis, ta sha jiƙe-jiƙen maganin sanyi har ta gaji. Daga bisani wani likita ya duba ta, ya ce wannan ciwo sunansa hafis, kuma ba ya rabuwa da jiki. Tun daga ran nan ta kama bakinta. Ba ta faɗa wa maigidanta ba, ba ta kuma faɗa wa ma'aikatan da ke yi mata awon ciki ba, domin tana tsoron a yi mata kallon mazinaciya. Tambayoyinta biyu ne: shin abin da ke cikinta zai kamu? Kuma shin tilas ne sai an yi mata tiyata kafin a ciro shi?

Na ga ya kamata in amsa mata a fili, domin na tabbata akwai irinta da yawa daga Agege har zuwa Maiduguri, waɗanda kunya ta ɗaure musu harshe. Amsar kuwa mai sanyaya rai ce. Matar da ta daɗe da wannan ciwo, ta kuma san tana da shi, ita ce mafi ƙarancin hatsari, muddin dai ta buɗe baki ta faɗa wa masu awo da wuri. Wadda likitoci suka fi jin tsoro a kanta ita ce wadda ta kamu a karon farko ana dab da haihuwa, sau da yawa ma ba tare da ta sani ba.

MENE NE WANNAN CIWO?

Wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, daga cikin irin waɗanda a ke kira bairas, dangin mai kawo ƙarambau. Iri biyu ce. Ta farko ita ce mai fito da ƙurajen nan na gefen leɓe waɗanda mu kan ce zazzaɓi ne ya fito wa mutum a baki. Ta biyu kuwa ta fi zama a al'aura. Amma fa ta farkon ma ta kan sauka ƙasa, ta yi ɓarna daidai da ta biyun.

Ciwon ba na 'yan tsiraru ba ne. Bisa ga ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020, mutane wajen miliyan 3,800 'yan ƙasa da shekara 50, watau kashi 64 cikin 100, suna ɗauke da iri na farko, sa'an nan miliyan 520 masu shekara 15 zuwa 49, watau kashi 13 cikin 100, suna ɗauke da iri na biyu. Nahiyar Afirka ce kan gaba wajen yawan masu iri na biyun, kuma ya fi kama mata bisa ga maza. Akasarin masu shi ba su san suna da shi ba, domin ko dai bai taɓa nuna musu alama ba, ko kuma alamar ba ta wuce ɗan ƙaiƙayi da 'yar tsagewar fata ba.

In ƙwayar ta shiga jiki, ta kan bi jijiya ta je ta laɓe a gindin ƙashin baya. Can ta ke kwanciya wata da watanni, ko shekara da shekaru, sai ran da jiki ya yi rauni saboda zazzaɓi, ko gajiya, ko damuwa, ko al'ada, ta biyo jijiyar ta fito fata. Fitowar farko ita ce mai tsanani: ƙuraje da yawa, zafin fitsari, kaluluwa a matsematsi, zazzaɓi da ciwon jiki, wani lokaci har mako biyu ko uku. Na baya kuwa sun fi sauƙi, kuma sau da yawa su kan yi sallama kafin su iso, watau mace ta ji ƙaiƙayi, ko zogi, ko wani abu kamar kiyashi na yawo a wurin ko a cinya, kwana ɗaya ko biyu kafin ƙurji ya ɓullo. Ina roƙon mai ciki ta riƙe waɗannan alamu da kyau, za mu komo kansu.

Abubuwa biyu ya kamata a kawar tun yanzu. Na ɗaya, ba a ɗaukar wannan ciwo a masai, kamar yadda a ke yawan faɗa a zauren mata. Ta haɗuwar fata da fata a ke ɗaukarsa, galibi wajen saduwa, ko da kuwa babu ƙurji a fili. Na biyu, fitowarsa yau ba shaida ba ce cewa wani ya ci amanar wani jiya. Tun da ƙwayar ta kan yi shekaru a kwance, tana iya zama tun daga auren fari na miji ko na mata, tana kuma iya zagaya gidan mai mata biyu ko uku ba wanda ya taɓa leƙa waje. Wanda ya rushe gidansa a kan wannan zargi, ya yi hukunci ba da hujja ba.

INA HATSARIN YA KE?

Ga babba, ciwon wahala ce da takaici, ba kasafai ya kan wuce haka ba. Ga jariri sabon haihuwa kuwa magana ce ta rai da mutuwa, domin jikinsa bai riga ya koyi kare kansa ba. Abin godiya shi ne ba ya yawan faruwa: a duniya baki ɗaya an ƙiyasta jarirai 10 ne cikin kowace haihuwa 100,000. Kusan kashi 85 cikin 100 na waɗanda suka kamu, a hanyar fitowa suka gamu da ƙwayar, watau sa'ad da a ke haihuwarsu. Wajen kashi 10 bayan haihuwa ne, daga baki ko hannun wani, ragowar 'yan kaɗan kuma tun suna ciki.

To, ga inda lissafin ya rabu biyu. Matar da ta kamu tun kafin ciki, ko a farkon ciki, jikinta ya riga ya haɗa garkuwa a kan ƙwayar, wannan garkuwa kuwa ta kan ratsa ta mabiyiya ta isa ga ɗan tayi, ya fito duniya da kariyar uwarsa. Ga irin wannan mata hatsarin bai kai 1 cikin 100 ba, ko da ma ƙurajen sun fito ranar naƙuda bai wuce 3 cikin 100 ba. Amma wadda ta kamu a karon farko cikin watanni ukun ƙarshe, musamman makonni shida kafin haihuwa, jikinta bai sami sararin haɗa garkuwar ba, ga kuma ƙwayar da yawa a bakin mahaifa. A nan hatsarin ya kan kai 30 zuwa 50 cikin 100. Shi ya sa mafi yawan jariran da suka kamu, iyayensu mata ba su taɓa sanin suna da ciwon ba.

Saboda haka 'yar'uwa mai wasiƙa, sanin da ki ke kuka da shi, shi ne makaminki.

MAGANI A LOKACIN CIKI

Har yau babu maganin da ke fitar da ƙwayar daga jiki, duk mai tallar da ya ce yana da shi kuɗinki ya ke so. Kafso da alluran da a ke yi wa ciwon sanyi ba sa taɓa ta ko kaɗan. Amma akwai maganin da ke danne ta. Sunansa asikilobir, wanda aka fara sayarwa da sunan Zovirax a farkon shekarun 1980, kuma Gertrude Elion ta Amurka, wadda ɗakin bincikenta ya yi aiki a kansa, tana cikin waɗanda aka ba lambar Nobel ta fannin likitanci a 1988. Akwai kuma ɗan'uwansa balasikilobir, mai sunan kasuwa Valtrex.

Na san tsoron da ke zuciyar kowace mai ciki game da shan ƙwaya, tsoro ne kuwa mai kyau. To amma wannan magani an daɗe ana bin diddiginsa. A ƙasar Denmak an duba haihuwa fiye da 800,000, a ciki har da mata 1,804 da suka sha irin waɗannan magunguna a watanni ukun farko, sakamakon da aka buga a 2010 kuwa bai nuna ƙarin nakasa ga 'ya'yansu ba.

Hanyoyin amfani da shi biyu ne. In ƙurajen sun taso a tsakiyar ciki suna damun mace, likita ya kan ba ta na 'yan kwanaki, in fitowar farko ce kuwa na mako guda zuwa kwana goma. Hanya ta biyu ita ce ta shirin haihuwa: daga mako na 36, watau shigar wata na tara, a ɗora mace a kan magani kullum har ta sauka, galibi asikilobir miligiram 400 sau uku a yini, ko balasikilobir miligiram 500 sau biyu. A Ingila ma, tun 2024, shawarar likitocinsu ita ce a fara daga mako na 32. Manufar ita ce ranar naƙuda ta iske hanya babu ƙurji, kuma gwaje-gwaje sun nuna yin haka yana rage fitowar ƙurajen ƙwarai, yana kuma rage yawan waɗanda a ke yi wa tiyata saboda su. Na kawo waɗannan alƙaluma ne don mace ta san abin da za ta tambaya a asibiti, ba don ta aiki yaro kemis ba. Mai ciwon ƙoda, alal misali, awonta dabam ne, likita ne kaɗai zai yanke.

Ban da magani, in ƙurajen sun fito a riƙa wanke wurin da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, a tsane shi, a sa sutura mai sakewa, a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa. A guji matsi da cushe-cushen ganyaye, da shafa kanwa ko alif ko man zafi, domin ba abin da su ke ƙarawa sai gyambo. Sa'an nan a yarda a yi gwajin ƙanjamau da na tunjere a wurin awo, domin tunjere ma ya kan fito da miki a gaba, kuma mai iri na biyu na hafis ya fi wanda ba shi da shi saurin kamuwa da ƙanjamau kusan ninki uku.

BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Yanzu sai tambaya ta biyu, ta tiyata. Amsa ita ce ba tilas ba ne. Matar da ta daɗe da ciwon, in naƙuda ta zo babu ƙurji, babu kuma alamun nan na sallama da muka ambata, haihuwa za ta yi da kanta kamar kowace mace, haka kuwa akasarinsu su ke yi.

Wurare biyu ne a ke maganar tiyata. Na farko, in fitowar farko ta zo cikin watanni ukun ƙarshe, balle cikin makonni shidan ƙarshe. A nan kan likitoci a haɗe ya ke wajen ba da shawarar a yi aiki. Na biyu, in tsohon ciwo ya taso daidai ranar naƙuda. A nan likitocin Amurka su kan ce a yi aiki, na Ingila kuwa su kan ce tun da hatsarin kaɗan ne, ana iya barin mace ta haihu da kanta bayan an yi mata bayani. Wannan magana ce da ya kamata mace da mijinta da likita su zauna su warware tun ciki yana wata bakwai ko takwas.

Amfanin tiyatar a inda ta wajaba ba zato ba ne. A wani bincike da aka yi kan mata fiye da 58,000 a Jihar Washintan ta Amurka, wanda aka buga a 2003, an sami mata 202 da ƙwayar ke jikin hanyar haihuwarsu lokacin naƙuda. Cikin 117 da suka haihu da kansu, jarirai 9 suka kamu. Cikin 85 da aka yi wa tiyata, 1 kaɗai. Watau aikin yana rage hatsarin ƙwarai, ko da ya ke bai share shi ɗungum ba.

A nan ne fa ƙasarmu ke da nata tarnaƙi. Binciken lafiyar jama'a na Nijeriya na 2018 ya nuna kashi 39 cikin 100 kaɗai na haihuwa a ke yi a asibiti, a arewa maso yamma ma wajen kashi 16 ne, waɗanda aka haifa ta tiyata kuwa ba su wuce kashi 3 ba. Ga tsada, ga nisa, ga kuma gorin da a kan yi wa wadda aka yi wa aiki cewa raguwa ce. Matar da ta yarda aka tsaga cikinta don ta tsirar da ɗanta, ban ga inda ragwantaka ta shigo ba. Game da tsada kuwa, a watan Nuwamba 2024 Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya ba da sanarwar shirin yi wa mata marasa galihu tiyatar haihuwa kyauta, don haka ya kamata maigida ya tambaya tun da wuri ko asibitin da ya zaɓa yana cikin shirin.

Shirin da na ke ba mai wannan ciwo shawara ta yi shi ne kamar haka. Ta faɗa wa nas ko likita a ganin farko, ta roƙi a rubuta a katinta. Ta zaɓi asibitin da ke da ɗakin tiyata da likita dare da rana, kada ta haihu a gida, domin ungozomar unguwa, duk iya hannunta, ba ta da yadda za ta yi in aka iske ƙurji. In za ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, kamar yadda mu kan yi a cikin fari, to ta tafi da katinta da maganinta, ta kuma kai kanta asibitin can tun kafin ranar ta zo, don kada a tarbe ta da dare ba wanda ya san labarinta. A tanadi kuɗin mota da na ko-ta-kwana, a san wanda zai ba da jini in an bukata. Da zarar naƙuda ta fara, ko faya ta fashe, a kama hanya nan take, domin daɗewa bayan fashewar faya yana ba ƙwayar damar haurawa. In an isa kuma ta sake faɗa da bakinta, ta nemi a duba ta da haske sosai, ta kuma ambaci ko da ɗan ƙaiƙayi ne ta ji. Wannan bayani shi zai sa ma'aikata su guji fasa faya da gangan, ko jawo jariri da ƙarfe ko na'urar zuƙo, sai in ya zama dole.

KIRA GA MAGIDANTA

'Yan'uwana maza, wannan sashe namu ne. Mun ga cewa babban hatsari yana ga matar da ta kamu a ƙarshen ciki. To, daga wa za ta kamu in ba daga mijinta ba? Duk magidancin da ya san irin waɗannan ƙuraje su kan fito masa, alhali matarsa ba ta taɓa yi ba, amanar rai biyu tana wuyansa. Ya je asibiti, ya faɗa wa matarsa gaskiya. Kwaroron roba yana rage hatsari amma ba ya rufe ko'ina, don haka abin da likitoci suka fi so shi ne ya ƙaurace wa shimfiɗarta a watanni ukun ƙarshe. Mai ƙurajen leɓe kuma ya tsare bakinsa daga jikin iyalinsa. Haƙurin wata uku bai kai zafin jana'izar jariri ba. In kuwa matarka ce ta zo maka da labarin nata ciwon, ka sani ta ba ka amana ne, ka raka ta asibiti, mai yiwuwa ma kai ne ka kawo shi ba ka sani ba.

BAYAN AN SAUKA LAFIYA

Tsaro bai ƙare a ɗakin haihuwa ba. Mai jego ta shayar da ɗanta nono ba fargaba, sai fa in ƙurji ya fito a kan maman, sa'an nan ta bar wannan ɓangare har ya warke. Ta riƙa wanke hannu kafin ta ɗauke shi. Ranar barka da ranar suna kuwa, sa'ad da jariri ke yawo daga hannu zuwa hannu, duk mai ƙurji a leɓe, ko kaka ce ko gwaggo, kada ta sumbace shi, kada kuma a ba mai irin wannan ƙurji ya tauna masa dabino. A faɗa da ladabi, amma a faɗa.

A sa wa jariri ido har makonni shida, musamman daga ƙarshen makon farko zuwa na uku. In an ga ƙuraje masu ruwa a kansa ko jikinsa ko kusa da ido, ko zafin jiki, ko sanyin jiki, ko ƙin kama nono, ko barci mai nauyi da ba ya farkawa, ko numfashi da ƙyar, ko shawara, ko jijjiga, to a garzaya asibiti a ranar, ko da babu ƙurji ko ɗaya, domin da yawa daga masu ciwon mai tsanani ba sa nuna komai a fata. Kada a tsaya turare ko jiƙo, kada a ce sai an yi arba'in. A kuma faɗa wa likitan yara tarihin uwar, domin shi zai sa ya yi saurin tunanin wannan ciwo. Maganinsa asikilobir ne ta jijiya, kwana 14 in a fata da ido da baki ya tsaya, kwana 21 in ya taɓa ƙwaƙwalwa ko ya bazu cikin jiki. Kafin a sami magani, wajen 85 cikin 100 na jariran da ciwon ya bazu a jikinsu mutuwa su ke yi. Da magani adadin ya sauko zuwa wajen 30, kuma kowace rana da aka ɓata tana da farashi.

Daga ƙarshe, 'yar'uwa ta Sabo, cikinki wata shida ne, kina da sauran lokaci isasshe. Ranar awonki mai zuwa ki nemi ganin likita ke da shi, ki faɗa masa abin da kika rubuto mini. Ma'aikatan asibiti sun ga irin wannan ba adadi, kuma aikinsu ya ɗora musu riƙe sirrinki. Sa'an nan ki nemi lokacin da hankalin maigida ya ke kwance, ki ba shi wannan shafi ya karanta. Allah ya sauke ki lafiya, ya raya abin da za ki haifa, da sauran masu juna biyu baki ɗaya.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.